Ustaz Haruna, Mai Ajin Saman Bene

Ustaz Haruna ya tafi.

Da safen nan labarin ya same ni. Ina tsaye a ƙofar sito a tashar jiragen ruwa ana sauke wata kwantena, wayata ta yi ƙara, na duba na ga sunan Yasir, ɗansa. Yasir bai saba kirana da safe ba. Na ɗauka, ya ce, “Yaya Sagiru, Baba halas.”

Na ce, “Halas me, Yasir?” Alhali na ji, kuma na gane.

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma.

Na samu wani katako na zauna. Direban fokilif, motar ɗaga kaya, yana ta yi min hon in matsa, ban ji shi ba, sai da ya sauko ya dafa kafaɗata. Ku yi min haƙuri idan rubutun ya yi tsawo ko ya karkace.

Ga waɗanda ba su san shi ba, Ustaz Bahaushen Sudan ne. Kakanninsa ne suka baro ƙasar Hausa a ƙasa da niyyar aikin hajji, suka yada zango a bakin Nilu, zango ya zama gida. Can aka haife shi, can ya yi karatun Turanci, ya zo Jidda yana saurayi ya kama aikin fassara a wani kamfanin jiragen ruwa. Hausarsa irin ta mutanen da ce. Akwai kalmomin da ban taɓa ji a bakin kowa ba sai shi da kakata a Gusau.

Dogo ne, baƙi wuluk, muryarsa ƙasa-ƙasa. Idan zai yi dariya sai ya fara cire tabarau.

A layin sayen burodin tamis na fara haɗuwa da shi a unguwar Hindawiyya. Sabon zuwa ne ni, Larabci ko kalma goma babu, ina ta nuna wa mai tanda da yatsa yana daka min tsawa. Sai na ji an ce daga bayana, da Hausa, “Ka ce masa wahid tamis, ɗan'uwa. Ba zai cije ka ba.”

Ranar a gidansa na karya.

Shi ya raka ni asibiti lokacin da dutsen ƙoda ya kayar da ni, ya tsaya yana fassara wa likita har da abin da nake jin kunyar faɗi. Da mahaifiyata ta rasu, iƙamata, wato takardar izinin zama, tana hannun kafili, mutumin da ya tsaya min, ana sabuntawa, babu halin tafiya gida. Na kulle kaina a ɗaki. Ustaz ya zo ya buga ƙofa ya ce, “Tashi. Uwa ba ta mutuwa mutum ya zauna shi kaɗai.” Ya shimfiɗa darduma a falonsa, ya kira mutane, aka yi min zaman ta'aziyya kamar a ƙofar gidanmu.

Matarsa ce ta dafa abincin kwanakin nan duka. Khala Najat.

Dole in yi maganarta, don ba a ba da labarin Ustaz a bar ta. Fara ce sol, haifaffiyar tsohuwar Jidda, asalin kakanninta mutanen Bukhara ne. Nas ce a wani ƙaramin asibiti lokacin da yake kai alhazai marasa lafiya yana yi musu tafinta. Da ya nemi aurenta, mahaifinta ya ce bai haifi 'yar da zai ba Takruni, wato baƙin Afirka, ba. Ya ma faɗi kalmar da ta fi wannan muni, wadda ba zan rubuta ba. Sai da magana ta kai gaban alƙali kafin aka ɗaura. Babu ko mutum ɗaya daga gidansu da ya zo.

Hausa kuwa ta koya har tana yi mana faɗa da ita.

Kowace Juma'a bayan La'asar Ustaz yana koyar da Turanci a saman benen gidansa. Direbobi, 'yan dako, masu gadin sito, 'yan Nijar, 'yan Chadi, da irinmu 'yan Najeriya masu ganin mun iya. A shimfiɗa kafet, a kawo fulas ɗin shayi, iskar teku tana kaɗa takardu muna danne su da kofuna.

Wata shekara ya zo mana da fotokwafin wani tsohon wasan kwaikwayo na Turawa. Turancinsa ma ba irin wanda muka sani ba ne. Muka yi ta ƙorafi, wani ya ce, “Ustaz, mu Turancin cike takardar kwastan muke so.” Ya ce, “Za ku samu. Wannan kuma na cike kai ne.”

Labarin wani baƙin mutum ne da ya zama babban kwamanda a ƙasar fararen fata, ya auri 'yar wani babba a cikinsu ba da son uban ba. Wani na ƙasa da shi mai hassada ya yi ta zuga shi cewa matar tana cin amanarsa, har ya kashe ta. Bayan ta mutu ya gane ba ta yi komai ba.

Ustaz yakan karanta layi ɗaya, ya juya shi da Hausa, ya ƙara da Larabci don 'yan haihuwar nan. Muka yi watanni a kai. Ranar da muka gama, babu wanda ya taɓa shayinsa.

Ya cire tabarau ya ce, “To. Wa ya kashe yarinyar nan?”

Muka ce munafukin nan mana. Wani ya ce shaiɗan. Wani abokinmu ɗan Chadi ya buga cinya ya ce, “Wallahi kwamandan nan wawa ne! Mace tana gidanka, bakinka yana jikinka, ba za ka tambaye ta ba?” Aka yi dariya.

Ustaz bai yi ba. Ya ce, “Munafukin harshe kawai yake da shi. Amma ku duba tun daga farkon wasan. Surukinsa ya ce ba yadda za a yi ɗiyarsa ta so mutum irinsa sai da asiri. Mutanen gari suna yabonsa a bakin daga, su zage shi a bayan ido. Ya yi ta ji, ya yi ta ji, har wani ɓangare na zuciyarsa ya yarda cewa bai kai a so shi ba. Da munafukin ya zo, ƙofa a buɗe ya tarar.”

Muka gyaɗa kai, muka sauko sallar Magariba. A lokacin mun ɗauka darasin littafi ne.

Abin da zan faɗa yanzu, na kira mai labarin ɗazu na nemi izininsa. Yana kuka ya ce in faɗa, mutane su san wane ne Ustaz, amma in canza suna. Zan kira shi Adamu, matarsa kuma Huda. Shi ne ɗan Chadin nan da ya buga cinya.

Adamu direban tirela ne a kamfaninmu. Huda 'yar mutanen Yaman ce, a nan aka haife ta. Aurensu ya biyo sawun na Ustaz: iyaye sun ƙi, an sha wuya, aka ɗaura ba tare da ya taɓa taka gidansu ba. Ko 'yan'uwanta maza bai san fuskarsu ba.

Bayan kamar shekara da gama wasan nan aka yi wa Adamu ƙarin girma, ya zama shugaban direbobi. Akwai wanda ya riga shi shiga kamfanin da daɗewa, yana ganin kujerar tasa ce. Ba Balarabe ba ne, kada wani ya yi saurin yanke hukunci. Namu ne. Baƙi kamar mu, Hausa ɗaya muke yi da shi, sahu ɗaya muke tsayawa.

Bai taɓa yi wa Adamu rashin kunya ba. Shi ne ma mai zuba masa shayi lokacin hutu. Sai dai yakan ɗan jefa magana. “Madam tana lafiya? Kai dai ka yi sa'a, Allah Ya sa ta ɗore.” Wata rana, “Na ga wata kamar ita a wajen unguwar Ammariyya, amma ƙila idona ne.” Idan Adamu ya matsa, sai ya ɗaga hannu ya ce, “A'a, ni ban ce komai ba.”

Muna ganin Adamu yana ramewa, muka ɗauka nauyin sabon aiki ne.

Wata ranar Talata da tsakar rana ya same ni a filin ajiye kwantenoni. Idonsa ja, leɓensa ya bushe. Ya miƙo min waya. Hoton Huda ne tana shiga wata farar mota, wani farin mutum ya riƙe mata ƙofa, ɗaya hannun nasa a kafaɗarta.

Ya ce, “Ce min ta yi asibiti za ta. Ba yau ne farko ba, an ga su ya fi a ƙirga.”

Na ce, “Ka yi mata magana?”

Ya ce, “Na tura mata saki ɗaya ta voice. Saura shi. An ba ni lambar motar da layin da take tsayawa.”

Na leƙa motarsa, na ga ƙarfen kwance taya a kujerar gaba.

Na roƙe shi da Allah da Annabi mu fara zuwa wajen Ustaz, ya ce babu inda za shi. Na tsaya a gaban ƙofar motar na kira Ustaz, na faɗa masa a gurguje. Ya ce, “Ba shi wayar.”

Ina jin muryarsa tana fitowa, a natse kamar yana karanta mana darasi. “Adamu, ba zan hana ka ba. Amma ka biyo ka ɗauke ni mu je tare. Duk abin da za ka yi, a gabana za ka yi shi. Yalla, ina jiranka.”

Adamu bai iya ce wa Ustaz a'a ba. Babu wanda ya iya a cikinmu.

Muka same shi a falo da jallabiyar gida. Bai yi wa'azi ba, bai jawo aya ba. Ya karɓi wayar, ya sa tabarau, ya daɗe yana kallon hoton.

Ya ce, “Wa ya ba ka?”

Adamu ya faɗi sunan.

“Da ya ba ka, me ya ce?”

“Ya ce in yi haƙuri. Ya ce dama irinsu ba sa zama da irinmu, sai dai su ɗan huta su koma wajen nasu.”

“Kai kuma ka ce me?”

Ustaz ya jira. Fanka tana ta juyawa a sama.

Can Adamu ya ce, da wata ƙaramar murya, “Na ce gaskiya ne.”

Ustaz ya ajiye wayar a kan tebur ya ce, “To ka ji abin da ya saki matarka. Hoton nan daga baya ya zo.”

Sai labulen ƙofar ciki ya motsa. Muryar Khala Najat ta fito, da Hausarta mai ɗanɗanon Larabci, kuma ban taɓa jin ta da zafi irin na ranar ba. “Adamu, matarka tana nan tun hantsi. Da ta ji saƙonka ba ta da inda za ta. Gidan ubanta a rufe yake saboda kai, gidanka kuma ka rufe da bakinka. Ka zauna ka ji ta.”

Huda ba ta fito ba. Daga bayan labule ta yi magana, Larabci da Hausa a gauraye, muryar ta dushe.

Mutumin da ke hoton yayanta ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Mahaifiyarsu ce shanyewar ɓarin jiki ta kama, ta yi ta kiran sunan Huda. Yayan ya nemo ta a ɓoye. Mahaifin ya yarda ta riƙa zuwa, da sharaɗi: ita kaɗai, kuma kada a ambaci sunan mijinta a cikin gidan.

Ta ce, “Da wane baki zan gaya maka, ya Adam? In ce maka Mama tana mutuwa, an ce in zo amma in bar ka a waje kamar takalmi? Na ce gara in ɗauki zunubin ƙarya da in ga fuskarka idan ka ji.”

Adamu ya sulale daga kujera ya zauna a ƙasa. Ya sa kansa tsakanin gwiwoyinsa. Ƙato guda, mai juya tirela da hannu ɗaya, yana kuka kamar an yanka shi.

Ni dai ƙarfen nan nake ta tunawa, da wani bawan Allah da ke can yana jinyar uwarsa bai san ana neman ransa ba.

Kada ku ɗauka a nan aka rungume juna aka tafi gida. Adamu ya ce ya mai da ita, a take, a gabanmu. Huda ta ce ba za ta koma ba. Ta ce, “Sakin zan iya mantawa. Amma ka ga hoto, ka ji maganar wani, ni da nake kwana a gefenka ko tambaya ɗaya ban samu ba.”

Adamu ya juya wajen Ustaz yana neman agaji. Ustaz ya ce, “Shari'a ta ba ka dama, ban musa ba. Amma idan ka tafi da ita yau, gangar jiki kawai za ka kai gida. Bar ta a nan. Ɗiyata ce.”

Ta yi makonni a gidan. Kullum idan an tashi aiki Adamu zai zo ya zauna a falo, wani lokaci ta fito, wani lokaci ta ƙi. Ustaz yakan zauna da shi su yi ta kallon labarai. Shi ya ba Adamu shawara ya riƙa kai ta gidan iyayen da kansa, ya tsaya a bakin layi ya jira a mota. Adamu ya ce, “Ustaz, wannan ai wulaƙanci ne.” Ya ce, “Wulaƙanci ne. Ɗauki rabinsa, ta daɗe tana ɗauke da shi ita kaɗai.”

Ya yi hakan. Har tsohuwar ta rasu yana kai Huda yana jira a bakin layi.

Huda ta koma ɗakinta kafin idda ta cika. Babbar 'yarsu yanzu tana firamare, sunanta Najat.

Shi kuwa mai zuba shayin, Adamu ya so ya ci kwalarsa, Ustaz ya hana. Yana nan garin, muna haɗuwa a masallaci. Har yau ban sani ba ko ya san yayanta ne ya ɗauki hoton, ko bai sani ba. Allah Ya sani.

Bayan abin ya lafa, wata rana muna tafiya masallaci ni da Ustaz, na ce masa, “Kai dai Allah Ya tsare ka daga irin wannan tunani.”

Ya tsaya cak a tsakiyar lungu. Ya ce, “Wa ya gaya maka? Sagiru, kana tsammani ni ba ya zuwa min? Shekarun farkon aurenmu, idan na ji matata tana dariya a waya, sai wani abu ya ce min, ka ji, da nata take magana. Muryar ubanta ce, amma a cikin kaina take. Abin da na koya kawai, idan muryar ta zo, nakan tashi in bi matata kicin in tambaye ta. Wani lokaci ta yi min dariya, wani lokaci ta yi kwana biyu ba ta kula ni. Duka biyun sun fi shiru sauƙi.”

Na tambaye shi ko surukin nasa ya sauko daga baya. Na so ya ce eh.

Ya ce a'a. Tsohon ya mutu bai taɓa kiran sunansa ba, bai taɓa ɗaukar Yasir ba. Da aka yi zaman makoki, Ustaz ya je. Ba a sa shi a layin dangi masu karɓar gaisuwa ba, sai ya tsaya daga gefe. Wani baƙo ya shigo, ya gan shi a tsaye, ya miƙa masa kofi ya ce ya ƙaro masa gahawa. Ya ɗauka mai hidima ne. Ƙannen matarsa suna kallo, babu wanda ya ce komai.

Na ce, “Me ka yi?”

Ya ce, “Na zubo masa. Surukina ne ya mutu, baƙonsa baƙona ne.” Can ya ƙara da cewa, “Da na shiga mota kuma na yi kuka. Kada ka ɗauka ni dutse ne.”

Sannan ya ce wata magana da na riƙe. “Ban ci nasara a kan mutumin nan ba. Ya tafi da ƙiyayyarsa cif. Abin da na iya kawai, ban bar ta ta kwana a gidana ba.”

Shekarun baya-bayan nan ciwon ƙoda ya kama shi, aka fara yi masa wankin jini. Hawa bene ya gagara, ajin ya tsaya, suka koma wani ƙaramin gida na ƙasa a Ammariyya. Duk da haka idan ka kai masa takardar da ba ka gane ba, zai sa tabarau ya fassara maka, allura tana hannunsa.

Ganinmu na ƙarshe, Juma'ar da ta wuce ne bayan an sauko masallaci. Na same shi a kishingiɗe, ya zama kamar rabinsa. Likita ya taƙaita masa ruwa, Khala Najat tana ba shi da cokali, yana roƙon ta ƙara tana ƙi. Ya kalle ni ya ce, “Ka ga abin da nake sha. Na auro nas, ashe gandiroba na auro.” Ta ce, “Uskut, ya shaiba,” wato yi shiru, tsoho, tana goge masa baki da gefen mayafinta.

Da ta shiga kicin haɗa min shayi, ya yafito ni. Na matsa har kunnena yana kusa da bakinsa.

Ya ce, “Sagiru, ni na kusa. Ba na tsoro, alhamdulillah. Ita nake tunani. Yasir aikinsa yana Riyad, ba zai iya zama ba, ita kuma ba za ta bar Jidda ba. 'Yan'uwanta suna garin nan, mota ba ta minti ashirin tsakaninsu, amma ka sani. Ta bar gidan ubanta da jaka ɗaya ta shigo cikinmu. Duk wanda ya haife ta ya juya mata baya saboda fatar jikina. To ku masu irin fatar, kada ku juya.”

Na riƙe hannunsa kawai.

Ta shigo da tire ta ce, “Me kuke ƙus-ƙus?”

Ya ce, “Amanarki nake ba shi.”

Ta ce, “Ni akwati ce?” Ta ajiye tiren da ƙarfi har shayi ya zube, ta juya mana baya tana gyara labulen da babu abin da ya same shi. Ta daɗe tana gyarawa.

Da zan tafi na ce sai Juma'a mai zuwa. Ya ce, “In Allah Ya so, ɗana.” Ya ɗaga min yatsu biyu, hannun bai iya tashi duka ba.

Yasir ya ce bayan sallar Asuba ya cika. Kansa yana kan cinyar Khala Najat, tana laƙƙana masa kalmar shahada yana bi.

Za a yi masa sallah yau bayan La'asar a masallacin unguwarsu. Zaman gaisuwa kuma a gida ne, tsakanin Magariba da Isha.

Ina da roƙo, kuma ba na like ko comment ba ne. 'Yan ajin saman bene, duk inda kuke, a tasha ko a kan hanyar Makka ko kun koma Damagaram da Abeche da Kano, ku sanar da juna. Waɗanda ke Jidda ku fito. Ku turo matanku da iyayenku mata da 'ya'yanku su cika ɗakin Khala Najat. Kuma ba kwana ukun nan nake nufi ba, su kowa zai zo. Ina nufin bayan an kwashe kujeru, Yasir ya koma aiki, takaba ta yi nisa, gida ya yi tsit. A riƙa leƙa ta. A kai mata yara su yi mata ɓarna ta yi musu faɗa. Ranar Idi kada ta buɗe ƙofa ta ga babu kowa.

Na kira ta ɗazu in yi mata gaisuwa. Ita ce ta yi magana. Ta ce, “Sagiru, in za ku ɗauke shi ku yi a hankali, bayansa yana ciwo.”

Ya Allah, ga bawanKa Haruna ya zo gare Ka, baƙo a ƙasar da ya rayu, baƙo a ƙasar da aka haife shi. Ka saukar da shi a gidan da ba a tambayar launi. Ka gafarta masa, Ka yalwata kabarinsa, Ka sanyaya masa shi, Ka shayar da shi daga tafkin Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya sha har ya ƙoshi. Ka dafa zuciyar Khala Najat da Yasir. Ka haɗa su a Aljanna inda babu mai raba su.

Duk wanda ya karanta har nan, ko ka san shi ko ba ka san shi ba, don Allah ka tsaya ka yi masa addu'a da bakinka kafin ka wuce. Sunansa Haruna ɗan Abdullahi.

Allah Ya jiƙanka, Ustaz. Mun karɓi amana.